Ƙanƙara a Ƙofar Talakawa

Ranar Lahadi da safe aka tsinci Torsten Granlund kwance a gindin matakalar baya, kwatangwalo a karye, lofensa can gefe cikin dusar ƙanƙara. Da mai kawo burodi ya ɗan ƙara jinkiri a hanya, da gawa aka ɗauka, don sanyin ranar irin wanda ke sandarar da gashin hanci ne. Motar asibiti ba ta gama fita daga layin ba tsofaffin gidan suka yanke hukunci. Matakalar ta zama kamar madubi saboda ƙanƙara, ga kuma koriyar butar ban-ruwan fure a jikin ƙofa. Kowa ya san butar Aili ce.

Gidan nan da can shi ne Babban Otal na garin, lokacin da kogi ke cike da gumagumai, aljihun mutane kuma cike da kuɗin katako. Ɗakin cin abinci uku ne da shi. Na manya yana kallon dandali, na 'yan kasuwa yana tsakiya, na ukun kuwa yana can baya da ƙofarsa daban, don masu kora gumagumai da duk wanda harshensa ya fi sakewa da Finnanci, yaren talakawan yankin. Da aikin kogi ya mutu otal ya bi shi, hukumar gari ta yanka ɗakunan ta zuba tsofaffi. Yanzu waɗanda suka ci da cokalin azurfa da waɗanda suka wanke cokalin layi ɗaya suke bi wajen hawa lif. Torsten, ɗan mai otal ɗin, bana ya dawo ya kama ɗakin kusurwa, har yanzu kuma yana duban mutane kamar sun shigo masa da taɓo.

Sixten Niemi ba ɗan gari ba ne, tsufa ne ya sauko da shi daga ƙauyen saman kogi. Mai bin sawu ne. In mota ta bugi barewa ta shige daji da rauni, ko maharbi ya yi harbin banza, shi ake kira ya bi jini har ya cim mata ya hutar da ita. Mutum ne mai ƙarancin magana da yawan riƙo. Matarsa Aili ita kaɗai ce ta iya shi, ga shi kuma ciwon mantuwa ya fara cinye ta, har furannin roba na baranda take bi tana shayarwa.

Pernilla, shugabar gidan, ta kira shi ofis. Yarinya ce mai kirki, amma irin kirkin da ke bin doka sau da ƙafa.

"Sixten, ba wanda ya ce da gangan ta yi," in ji ta. "Amma saura ƙiris mutum ya mutu. Gobe likita za ta zo ta duba ta. In ta ga akwai hatsari, sai dai a kai ta sashen masu mantuwa na birni."

"Inda ake kulle ƙofa."

"Inda ake kula da su."

"'Yar nan, wunin tafiya ne a bas. Matar da in na shiga banɗaki sai ta bi gida tana kiran sunana, ita za ku kai can? Ba za ta ga narkewar ƙanƙara ba."

"Za ka iya rantsewa jiya ba ta fita ba?"

Ba zai iya ba. Da ya cire na'urar kunnensa ya kwanta, ko bindiga aka harba ba ya ji. Ya miƙe, zuciyarsa tana tafasa. Wani ya haɗa tarko, ya kuma ajiye butar matarsa a bakin tarkon don ya san ba ta da bakin kare kanta. Ya rantse a ransa ko wane ne, sai ya fito da shi tsirara a gaban jama'a.

A ɗaki ya tarar da Hilkka zaune kusa da Aili, tana ɓalla mata maɓallan riga. Hilkka maƙwabciyarsu ce ta bene na uku, 'yar siririyar tsohuwa mai hannun aiki, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana goge benen otal ɗin nan. Kullum safiya ita ke zuwa ta yi wa Aili wanka ta shirya ta, ba don an sa ta ba. Ya faɗa mata abin da Pernilla ta ce game da kai Aili birni.

"Je ka abinka, tsoho, ina nan da ita," ta ce. "Kada ka biye wa bakin gidan nan. Su dai a ba su abin taunawa da gahawa."

Ya fita ta ƙofar gaba ya zagayo, ya durƙusa a gindin matakalar da ƙyar, gwiwoyi suna ƙara. Abin da ya fara gani shi ne yashi. Kullum yamma mai gadi yakan watsa yashi a matakalar don kada a zame, amma ga shi an share shi tas an tara a gefe. Ya zaro wuƙarsa ya ɓanɓaro ƙanƙarar daga bakin taki ɗaya, ya ɗaga ta sama wajen ɗan hasken da rana ta ga damar bayarwa. Garau take, babu kumfa ko ɗaya, alamar da ruwan ɗumi aka yi ta. Kuma hawa-hawa ce kamar albasa. An yayyafa kaɗan, an jira ya daskare, an koma an ɗebo, an sake yayyafawa.

Sai ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa, wani kuma ya hau. Aili, da ba ta iya tuna abin da ta shigo ɗauka a kicin, ba za ta yi wannan aikin haƙuri ba. Wannan hannun mai cikakken hankali ne, wanda ya san Torsten ne ke fara buɗe ƙofar nan kowace safiya don ya sha lofensa.

Dagny ya fara buga wa ƙofa, don ita ce ta fi kowa ɗaga murya da safe. 'Yar mai kantin magani ce ta da, wadda har gobe take sa sarƙar lu'ulu'u in za ta zubar da shara.

"Na ji takun silifas," in ji ta, ko gayyatarsa ciki ba ta yi ba. "Tsif-tsif, a baranda. Wa ke yawo haka in ba matarka ba?"

"Kin gan ta?"

"Ni ba na leƙe, Sixten. Ba haka aka rene ni ba."

"Ashe. To ramin makullin naki me ya goge shi yake ƙyalli haka?"

Ta ja tsaki. "In kuma kana neman mai jin haushin Torsten, ga Valfrid nan. Ranar bikin tarihin gidan nan saura kaɗan ya jefe shi da faranti. Kuma wa ya kai shi sanin ƙanƙara a garin nan?"

Wannan kam gaskiya ce. Valfrid ne ya riƙe filin wasan zamiyar ƙanƙara na gari tun yana saurayi. Sixten ya same shi a bakin taga, keken dogarawarsa a gefe, ya ajiye masa gutsuren ƙanƙarar a kan faranti. Tsohon ya sunkuya yana kallo, har da murmushi.

"Kai, an yi aiki a nan! Da ni na yi, da na sa hannu a ƙasa."

"Kai ne?"

Valfrid ya ɗaga hannuwansa biyu. Rawa suke kamar ganye. "Miya ma sai da bambaro nake sha, ɗan daji. Ka ba ni buta cike da ruwa, wandona kawai zan jiƙa."

"Me ya haɗa ku ranar biki?"

Murmushin ya ɓace. Valfrid ya ce Sixten bai sauko ba ranar, don jikin Aili. An taru a ɗakin manya, an kafa tsofaffin hotuna, aka ba Torsten dama ya ba da labarin otal. Ya yi ta zuba, har ya zo kan wani mai kora gumagumai, Eino, da ya bugu a ɗakin baya wata rana cikin tsakiyar sanyi. Torsten da kansa, yana matashi, ya kama shi ta wuyan riga ya jefa shi waje ta ƙofar nan, ya danna sakata, rigar sanyin mutumin kuwa tana rataye a ciki. Da safe aka same shi zaune a matakala, ya sandare.

"Ka san yadda ya ƙare labarin?" Valfrid ya ce. "Wai shi ne baƙo ɗaya tak da ya taɓa kwana a otal ɗinsu kyauta. Har wasu suka yi dariya, Sixten. Suka yi dariya!"

"Einon nan yana da wani a raye?"

Valfrid ya juya kai yana kallon dandali. "Ba a bakina za ka ji ba."

Sixten bai matsa ba. Bai taɓa dogara da baki ba, ƙasa ce ba ta yi masa ƙarya. Ya sauka ya tsaya a cikin barandar baya, daga ciki, yana tunani. Wanda ya yi ta zirga-zirga da buta cike dole ya ɗigar da ruwa. Amma ya haska tocila ko'ina, ba tabon ɗigo ko ɗaya a kan katakon. Sai ya tuna masu shara ba sa zuwa Asabar da Lahadi, kuma a wannan lokaci na shekara duk wanda ya shigo da yashi yake shigowa a takalminsa.

Ya zauna a kan benci ya cire takalma, ya miƙe da safa kawai. A gefen bango yashi yana sukar tafin ƙafarsa. Ya matsa tsakiya, sai ya ji sumul. Ya taka hagu, yashi. Ya taka dama, yashi. A tsakani akwai wata 'yar siririyar hanya mai faɗin tsumma, wadda aka goge tsaf. Mai butar ya bi ɗigonsa yana gogewa, ya yi zaton ya ɓatar da sawu, alhali sawu ya shimfiɗa.

Ya bi ta a hankali, ido a rufe, kamar makaho a kan gada. Ta kai shi ɗakin wanki, inda famfon ruwan ɗumi yake. Daga nan ba ta nufi lif ba, ba ta nufi babbar matakala mai jan kafet ba. Ta karya kwana ta tsaya a jikin bango, inda ba ka ganin komai sai takardar ado. Ya laluba ya ji 'yar ƙugiya, ya ja. Ƙofa ce. Bayanta wata ƙuntatacciyar matakala mai warin tsohon sabulu, wadda aka gina don kada baƙi su haɗu da masu ɗauke da bokiti. Ƙura ta kwanta a gefe da gefe, tsakiyar kuwa fes. Ya hau yana haki, yana tsine wa gwiwoyinsa, har ya ɓullo a bene na uku.

Ƙofa uku ce a wurin. Ta Valfrid, wanda kekensa ba zai shiga matakalar nan ba. Ta Dagny, wadda tunda aka haife ta ba ta taɓa matse tsumma ba. Ya daɗe yana kallon ta ukun. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Da baƙo ne da ya ji daɗin kamun, amma wannan hannun da safiyar nan ya gan shi a kan maɓallan rigar matarsa, abin da ya sa fushinsa ya ninka ke nan.

Da la'asar aka taru shan gahawa a ɗakin manya, ƙarƙashin fitilun gilashi da hukuma ta ga tsadar saukewa ta bar su. Kowa ya zo, don ba a son a ji labari a bakin wani. Hilkka ta shigo riƙe da hannun Aili ta zaunar da ita, ta gutsura mata burodin kirfa. Teburan da ke kusa da su suka zama fanko.

Sixten ya tsaya a tsakiyar ɗaki, har yanzu da safa.

"Ga shi shi ma ya fara," Dagny ta raɗa, raɗar da ake ji har kicin.

"Pernilla, matso ki ji," ya ce. Ya ba su labarin yashin da aka share, da ƙanƙara mai hawa-hawa, da ruwan ɗumi. Ya ce mai wannan aikin ya san abin da yake yi daga farko har ƙarshe. "Amma ya yi kuskure ɗaya. Akwai mutanen da gidan nan ya hore su tun suna yara, cewa ɗigon ruwa ɗaya a kan katakon Granlund kora ce daga aiki. Irinsu ko kisa za su yi, sai sun goge bayansu. Kuma ko an mallaka musu gidan, ba za su hau jan kafet da buta a hannu ba."

Bai dubi kowa ba, amma Valfrid ya sunkuyar da kai.

Aili ce ta fara magana. Ta ga fuskoki a ɗaure, ta kuma ji an yi ta ambaton buta, sai idonta ya ciko.

"Ni ce ko?" ta ce da 'yar ƙaramar murya. "Sun ce ni ce. Ku yi haƙuri, ban san na yi ba. Sixten, ka ce musu ba zan ƙara ba."

Ya ji kamar an caka masa wuƙa. Ya juya ya dubi Hilkka ido cikin ido.

"Kin ji ta? Za ki bar ta ta ƙarasa, ko ni in ƙarasa miki?"

Hilkka ta ajiye kofinta a kan faranti, ta goge bakin tebur da yatsa, sannan ta miƙe.

"Zauna, 'yar'uwa, ba ke ba ce," ta ce wa Aili. Ta juyo wajen jama'a. "Eino yayana ne. Uwa ɗaya, uba ɗaya. Ni na buɗe ƙofar nan da safe zan share matakala, na same shi. Kun san me uban Torsten ya ce mini bayan an ɗauke shi? Wai in kawo ruwan zafi in wanke wurin kafin baƙi su tashi. Na kawo. Na wanke. Washegari na dawo aiki, don akwai ƙanne a gida. Na haɗiye shi duk tsawon rayuwata, ban gaya wa ko mijina ba. Sai ga mutumin nan ya tsaya a nan, a nan inda kake tsaye, ya mai da ɗan'uwana abin ban dariya. Ke Dagny har da tafi."

"Ni ban san..." Dagny ta fara.

"Ba ki taɓa sanin komai ba, shi ya sa kika yi ƙiba. Abu ɗaya nake baƙin ciki, mai burodi ya yi sammako."

Wasu matan suka fara share ido. Sixten bai ji ko ɗigon tausayi ba.

"Torsten naki ne," ya ce. "Da kin fasa masa kai da tukunya a gaban kowa, da ni zan fara kai miki taba a kurkuku. Butar fa?"

Hilkka ta ce, "Bakinta ne mai yayyafi, shi ya sa na ɗauka. Da na gama sai na ce a raina, in bar ta a nan, wa zai hukunta marar lafiya? Za a ce tsautsayi ne, a wuce wurin."

"Kulle ta za a yi gobe. A birni."

"Ban san za a kai ga haka ba."

"Da safe kin sani. Kina zaune a ɗakina na faɗa miki, kika ce kada in biye wa bakin mutane. Kin ga wadda ba ta da baki kin ɗora mata kayanki, kamar yadda aka ɗora wa ɗan'uwanki. A wurin Granlund kika koyi aiki, Hilkka, kin kuwa iya."

Wannan ta shige ta fiye da duk abin da alƙali zai faɗa. Ta koma ta zauna. Shi kuwa ya ji daɗin ganin haka, bai kuma ɓoye ba. Pernilla ta fita buga waya.

'Yan sanda biyu suka zo kafin a kwashe kofuna. Suka ce za su fita da ita ta baya don kada a taru a kanta. Hilkka ta ce a'a, ta gaba za ta bi, ta kuwa bi, a hankali, jakarta a hannu.

Washegari likita ta zo ta tafi ba ta ɗauki kowa ba. Pernilla ta tsaya a bakin ƙofarsu tana murza hannu.

"Za ta zauna, Sixten. Amma sai in akwai mai yi mata wanka da shiri kowace safiya. Ma'aikatanmu ba su isa ba. Da Hilkka ce..."

"Akwai ni."

Da ta tafi ya tara ruwa a baho, ya gwada ɗuminsa da gwiwar hannu, ya fito da tawul. Aili tana zaune a bakin gado cikin rigar barci, tana ta kallon ƙofa.

"Ina Hilkka? Ta makara yau."

"Ba za ta zo ba."

"Gobe fa?"

"Ta bar gidan, Aili. Taso, ruwan zai huce."

"Wa ya kore ta?"

Bai taɓa yi mata ƙarya ba, bai kuma ga dalilin farawa da tsufa ba. "Ni ne."

Ta ɗago ta dube shi tun daga sama har ƙasa, irin kallon da ake yi wa baƙon da ya shigo ba sallama. Ta ja rigarta ta rufe wuya, ta matsa can ƙarshen gado.

"Kai mugun mutum ne," ta ce. "Bari Sixten ya dawo daga daji, sai na gaya masa."